Shayar da Jariri a Makonnin Farko: Hukuncinsa, da Abin da Ya Shafi Mai Jego Mai Aikin Kamfani

Tambaya:

 Malam, ina aiki a wani kamfanin leda a Sharaɗa, maigidana kuma yana aiki a majema a Challawa. Yau kwanana goma sha biyu da haihuwa, haihuwar fari. Kakar yaron ta ce bai kamata na ba shi nonon farko ba, kuma ta dage sai an riƙa ba shi ruwa saboda zafi. Sannan bayan arba'in dole in koma aiki, in ba haka ba a ba wata gurbina. Maƙwabciyata tana goyo, ta ce in riƙa bar mata shi ta haɗa da nata. Mene ne hukuncin wannan duka, kuma yaya zan yi da salla da azumi?

Amsa:

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka, Allah ya raya miki, ya ba ki lafiyar shayarwa. Matan da ke aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da waɗanda mazajensu ke can, suna yawan aiko da irin wannan tambaya, don haka za mu faɗaɗa amsar yadda za ta amfani wanda bai tambaya ba, namiji ko mace.

Ki sani, 'yar'uwa, nono haƙƙin jariri ne kafin ya zama komai. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ya ɗora wa uba ci da tufar mai shayarwa gwargwadon ikonsa, ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, ya kuma sanya yaye kafin lokaci a kan yardar su biyun da shawararsu. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce mafi yawanmu ke bi, shayarwa wajibi ce a kan matar da ke ƙarƙashin igiyar uban yaron, ba tare da lada ba, sai in tana da ciwo, ko ba ta da nono, ko tana cikin matan da a al'adar garinsu ba sa shayarwa saboda matsayi. Ko ita wannan ta ƙarshen, idan yaron ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, ko uban ba shi da abin biyan mai shayarwa, wajabcin ya dawo kanta. Wadda aka saka saki na yankan ƙauna kuwa tana da damar neman ladan shayarwa, kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6.

Dakashi

Nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda muke kira dakashi, Larabawa suna ce masa liba'u. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa. Malaman Shafi'iyya, kamar Imamun Nawawi a cikin Minhaj, sun wajabta wa uwa ta shayar da shi ko da akwai wata mai shayarwa a kusa, domin a ganinsu jariri ba ya ƙarfi sai da shi. Sun faɗi haka ƙarnoni kafin a ƙera na'urar da ke ganin abin da ke cikinsa. Yau likitoci sun tabbatar cewa dakashi cike yake da sinadaran kariya daga cuta, yana shafe hanjin jariri, yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda fitarsa ke rage shawara. Ɗan kaɗan ne yake fitowa, amma cikin jariri ranar haihuwa shi ma ɗan mitsitsi ne, abin da cokalin shayi ɗaya ko biyu ke ɗauka ya ishe shi a kamu ɗaya.

Abin da aka gada na matse shi a zubar, ko a ce sai an gwada nono da tururuwa ko da wuƙa mai zafi, ko a ce sai an wanke nono kwana uku jariri yana kan ruwa ko madarar akuya, ba shi da asali a Alƙur'ani, ba shi da asali a Sunna, ba kuma ya cikin littattafan da muka karanta a zaure, daga Ahalari har Muhtasar. Kakar yaron ba mugunta take nufi ba, abin da aka yi mata ne take son yi wa jikanta. Ki ba ta girmanta, ki tausasa harshe, amma wannan ba ya cikin abin da ake yi wa iyaye biyayya a kansa, domin akwai cutarwa ga wanda ba ya iya kare kansa. Kai kuma maigida, idan mahaifiyarka ce, kai ya kamata ka yi mata bayani, kada ka bar mai jego tana jayayya da surukarta kana gefe ka yi shiru.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Kunya alheri ce, amma kunyar da za ta sa yarinya ta bar jinjiri yana tsala kuka don ɗaki cike yake da 'yan barka, ba ita ce kunyar da aka yaba ba. A sa mata labule, ko a rage zaman ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna cewa a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa a sa masa nono cikin awar farko bayan haihuwa. Tsotson nan na farko yana taimakon uwar ita ma, domin yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Ruwa, rubutu, zamzam da dabino

A nan ne aka fi samun saɓani a gidajenmu, kuma a nan ne za mu daɗe. Mai cewa a ba jariri ruwa yana auna shi da kansa ne: ni babba ina jin ƙishi a zafin Kano, ina ga wannan ɗan tayi? Tausayi ne, amma ƙiyasin bai yi daidai ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa a kowane kamu ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, mai kaurin da ke ƙosarwa yana biyo baya. Idan ana zafi jariri zai riƙa neman nono a kai a kai, wannan shi ne shan ruwansa. Wadda ke bukatar ruwa da yawa ita ce uwar.

Ruwan da aka ɗura masa yana yin ɓarna biyu. Yana cike ɗan cikin da ya kamata nono ya cika, sai ya rage tsotso, nono kuma in ba a tsotsa ba raguwa yake yi, sai a dawo ana cewa uwar ba ta da nono. Na biyu, ruwan kansa. Wanda ke zaune a Ja'en ko Panshekara ko Dakata ya san daga inda mafi yawan ruwan gida ke zuwa: jarkar ɗan garuwa, rijiya, ko leda. Ya kuma san cewa an daɗe ana kuka da ruwan dagwalon masana'antu da ke gangarawa kogin Challawa daga wannan ɓangare, da wanda ke bi ta Getsi ya faɗa Jakara daga ɓangaren Bompai. Cikin babba yana jure abin da cikin ɗan kwana goma ba zai jure ba, kuma gudawa a wannan shekaru tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa masana lafiya suka tsaya a kan nono zalla har wata shida, sannan a fara haɗawa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Ka ga ƙarshen maganarsu ya zo ya tarar da ayar Baƙara a inda take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke karya shi. Maganin da likita ya rubuta da ɗigon rigakafin shan inna ba sa cikin wannan hani.

Sai rubutu da zamzam. Mu da muka tashi a gaban allo ba za mu raina neman albarkar Alƙur'ani ba, zamzam kuwa falalarsa tabbatacciya ce. Amma babu nassi da ya ce sai an ɗura wa jariri ɗayansu. Tawadar da aka yi da zuge da ƙaro, aka wanke da ruwan randa, ba abin da hanjin ɗan kwana uku zai ɗauka ba ne. Zamzam ɗin da ke yawo a kasuwa kuma ba kowanne ne aka san inda aka ɗura shi ba. Idan ana son albarka, uwar ta sha, a yi wa yaron addu'a, a nema masa tsari irin wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake nema wa Hasan da Husaini. Wannan ya tabbata a cikin Buhari, kuma ba a zuba komai a baki.

Tahniki kuwa sunna ce tabbatacciya. Annabi ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu, ya yi wa ɗan Abu Ɗalha da ɗan Abu Musa. Amma a duba yadda aka yi shi: ɗan dabino ne aka tausasa aka goga a dasashin jariri, sau ɗaya. Shafawa ce, ba ciyarwa ba, ba kuma jiƙa dabino a kofi a yi ta ɗurawa kullum ba. Wanda zai yi ya wanke hannu, kada ya kasance mai mura ko tari ko ciwon baki, kuma abin ya zama ɗan kaɗan ƙwarai. Wasu malamai ma suna ganin abin da ake nema shi ne albarkar yawun Annabi, don haka wanda ya bari bai yi laifi ba. Zuma dai kada a maye gurbin dabino da ita. Waraka ce ga mutane kamar yadda ya zo a Suratun Nahli, amma likitoci sun gano tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin yaron da bai kai shekara ɗaya ba. Ba kowane halal ne ya dace da kowane ciki ba. Naman rago halal ne, ba wanda ke ba jinjiri tsire.

Yadda za ki gane nono yana isarsa

Mafi yawan matan da ke cewa nononsu ba ya isa, yana isa. Nono mai yawa yakan sauko ne a kwana na uku ko na huɗu. Jariri a makonnin farko yakan sha sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, har da tsakar dare, kuma ba a sa masa agogo. Alamar ƙoshi a kunzugu take: bayan kwana biyar, idan yana jiƙa shi sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin ba ja ba, kashin ya koma ruwan ɗorawa, to yana samu. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, sannan ya koma nauyin haihuwarsa wajen mako biyu, wannan kuma awo a asibiti ne zai nuna. Ki bari ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa tana taɓa nonon, cikinsa yana manne da naki. Idan kan nonon kawai ya kama, shi ne ke kawo tsagewa da zafi, shi kuma ba ya ƙoshi. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi. Idan nono ya kumbura ya yi tauri, maganinsa a ci gaba da ba shi, ba a daina ba. In zazzaɓi ya biyo baya a je asibiti.

Komawa aiki

Da farko, kai maigida, ciyar da mai jego a kanka yake, ba a kan albashinta ba. Idan abin da kake samu zai riƙe gidan ko da da ƙyar, to barinta ta zauna da jaririn watannin farko ya fi duk abin da za ta shigo da shi. Amma mun san yadda albashin lebura yake da yadda kwanon masara yake a kasuwa, kuma akwai zawarawa da waɗanda mazansu ba su da aiki. Wadda bukata ta fitar, da yardar mijinta, cikin sutura, ba za mu ce ta yi laifi ba. Abin da ke kanta shi ne ta tsara yadda nono ba zai yanke ba.

Ki san haƙƙinki a dokar ƙasa, domin da yawa ba su sani ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta ba mace mai aiki a masana'anta damar barin aiki mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ta kuma hana a sa ta aiki a mako shida na bayan haihuwa. Mako shida kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Idan ta yi wata shida tana aiki a wurin kafin hutun, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba, kuma ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu ba. Bayan ta dawo, tana da rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki domin shayarwa. Sashe na 55 kuma ya hana sa mata aikin dare a masana'anta, ban da ma'aikatan jinya da masu riƙe da shugabanci. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mako 14 ta ajiye a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, Jihar Kaduna kuma ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019. Inda gizo ke saƙar shi ne masu aikin wucin gadi, waɗanda ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila, ana biyansu kullum ko mako-mako, babu takarda. Irin waɗannan su nemi wakilan ƙungiyar ma'aikata ko ofishin ma'aikatar ƙwadago, kuma su yi magana tun cikin yana wata bakwai, kada a bari sai ranar suna.

Ga masu kamfani da manajoji da masu kula da ma'aikata, Musulmin cikinsu nake nufi da farko, akwai abin lura a tarihin Sayyidina Umar. Ibnu Sa'ad ya kawo cewa Umar ya kasance ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Wani dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, ya ji jariri yana ta kuka, da ya bincika sai uwar ta gaya masa tana ƙoƙarin yaye shi ne da wuri don ya shiga cikin masu kaso. Da gari ya waye Umar ya soke wannan tsari, ya sa a yanka wa kowane abin haihuwa kasonsa tun daga haihuwa, ya aika da haka zuwa garuruwa. Bai ɗora wa matar laifi ba, tsarinsa ya tuhuma. Duk ƙa'idar wurin aiki da ke tilasta wa uwa ta zaɓa tsakanin abincin gidanta da nonon ɗanta, irin wancan tsarin ce. Ɗaki ɗaya mai tsabta da tabarma da ruwan wanke hannu, nesa da injin da warin sinadari, ba zai karya kamfani ba.

Idan gida yana kusa, a kawo miki shi bakin ƙofa a lokacin hutun nan biyu. Kada a shiga da shi cikin ɗakin aiki inda ake narka roba ko jiƙa fata ko rini. Ke da maigidan duka, ku cire kayan aiki ku wanke hannu da jiki kafin ku ɗauke shi, kuma kada a wanke kayan majema tare da nasa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ya isa ya nuna cewa ƙurar sana'a tana bin mutum har ɗaki.

Idan gida da nisa, sai tatsa. Halal ce, babu karhanci a cikinta, kuma nonon ɗan Adam mai tsarki ne. Ki fara koyo mako biyu kafin ki koma. Ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa a kofi mai murfi wanda aka tafasa, ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ki fita, da kin dawo kuma ki fara da shi, da dare ki bar shi ya sha yadda yake so. A wurin aiki ma ki tatsa, ko da ba za ki iya adanawa ba, don kada nonon ya ɗauke. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi. A bazarar Kano kuwa kada a kai haka, a sa kofin cikin kwanon ruwan sanyi a gindin randa. A firji yana kai kwana huɗu, amma da sharaɗin wuta ba ta ɗaukewa, sharaɗin da kowa ya san wuyar cikarsa a nan. Ba a tafasa shi a wuta, ɗumama kofin ake yi cikin ruwan ɗumi. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin fida tana da wuyar wankewa, tana kuma sa wasu jariran su ƙi nono.

Madarar gwangwani ba haramun ba ce, kuma ita ce mafita ga marayan da bai sami mai shayarwa ba, ko wanda likita ya hana uwarsa shayarwa. Amma ga mai nono, asara ce. Tsadarta kan sa a riƙa tsinka ta da ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, yaro yana sha yana ramewa. Saboda irin wannan ne aka kafa ƙa'idar duniya ta 1981 da ta taƙaita tallanta, wadda NAFDAC ke kula da ita a nan. Madarar shayi da ta shanu da kunu ba abincin ɗan wata ɗaya ba ne ko kaɗan.

Maƙwabciya mai shayarwa

Ya halatta, kuma asalinsa a Alƙur'ani yake. Annabi kansa Suwaiba ta shayar da shi, sannan Halimatus Sa'adiyya, ɗansa Ibrahim kuma an kai shi gidan Ummu Saif, matar wani maƙeri a Madina. Sai dai ki san abin da za ki ƙulla. A mazhabar Malik, tsotso ɗaya da ya isa ciki a cikin shekara biyun farko ya isa ya haramta aure. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna sharɗanta shayarwa biyar saboda hadisin Nana A'isha da ke cikin Muslim, amma kotunanmu da malamanmu a kan maganar Malik suke, ita ce kuma ta fi nisa da shubuha. Ba sai ta kan nono ba: idan ta tatsa nata ta ba shi a kofi ko cokali, hukuncin ɗaya ne. Wannan ya shafi gidajen haya da ake haɗa firji ɗaya, a rubuta suna a kan kowane kofi.

Da zarar ya sha, ta zama uwarsa, mijinta mai nonon ya zama ubansa, duk 'ya'yanta da ta haifa kafin shi da waɗanda za ta haifa bayansa sun zama 'yan'uwansa, haka 'ya'yan mijin da wata matar ta haifa masa. 'Yan'uwan matar da na mijin sun zama kawunnai da gwaggwanni. Mutane suna zaton wanda suka sha tare ne kawai ya haramta, wannan kuskure ne babba. Haramcin kuwa bai shafi yayyen yaron da ƙannensa da ba su sha ba, kuma ba ya kawo gado.

Saboda haka kada a yi shi a ɓoye. Mijinki ya sani, mijinta ya sani, a sanar da dangi, a rubuta a takarda da sunaye da kwanan wata a ajiye. Unguwannin ma'aikata wurin sauka da tashi ne. Wanda kuke gida ɗaya da shi bana a Kumbotso, baɗi yana Gama ko ya koma garinsu. Bayan shekara ashirin yara su haɗu a makaranta, wa zai tuna? Buhari ya kawo labarin Uƙubatu ɗan Haris, wanda bayan ya yi aure wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, Annabi ya umarce shi ya rabu da ita. Saboda tsoron irin wannan cakuɗewar ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa rumbunan tara nonon mata. Sannan ki zaɓi mai addini da tsabta, kuma ku je asibiti a gwada jininta, domin cuta mai karya garkuwar jiki tana bi ta nono. Neman gwajin ba zargi ba ne. A kuma duba ko nononta zai ishi biyu ba tare da an tauye nata ɗan ba.

Salla da azumi

Muddin jinin biƙi yana zuba, babu salla babu azumi. Za ki rama azumi, ba za ki rama salla ba. Mafi tsawonsa a wurin Malik kwana sittin ne, a wurin Abu Hanifa da Ahmad arba'in. Amma idan ya ɗauke ko a kwana ashirin ne, sai ki yi wanka ki fara salla. Zaman jiran arba'in ba salla alhali an sami tsarki al'ada ce, ba shari'a ba. Shayarwa ba ta karya alwala, kuma ya halatta ki shayar kina cikin biƙi ko janaba. Tumbuɗin da ya fito bai canza daga kamannin nono ba mai tsarki ne. Fitsarin jariri najasa ne a mazhabarmu, namiji ko mace, amma an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya same ta bayan ta yi iya ƙoƙarinta na kiyayewa, an kuma so ta keɓe tufafin salla daban, kamar yadda Shaihu Halil ya ambata.

Idan Ramadan ya zo kina da tsarki, kika ji tsoron nono zai ragu har yaron ya cutu, ko ke ki galabaita, musamman ga mai tsayuwa a gaban inji yini guda, to ki sha. A mashhurin mazhaba, mai shayarwar da ta sha don tsoron ɗanta za ta rama, ta kuma ciyar da mudun Nabiyyi ɗaya na abincin garin a madadin kowace rana. Hanafiyya suna ganin ramuwa kaɗai. Idan tsoron ya kai na halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi, ba zaɓi ba. Wadda kuma ta gwada ta ga tana iyawa, yaron yana jiƙa kunzugu yadda ya saba, sai ta yi azuminta ta yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Game da kusantar miji bayan tsarki, maganar cewa tana ɓata nono ba ta da tushe. Hadisin Judama 'yar Wahbi a Muwaɗɗa da Muslim ya nuna Annabi ya yi niyyar hanawa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Sai dai a ba jikinta lokaci ya warke, kuma ku yi shawara a kan tazara.

Abu na ƙarshe, wankan jego da kunun kanwa. Ruwan ɗumi da abinci mai gina jiki suna da kyau, kunun gyaɗa da wake da ganye da nama in an samu. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. A sassauta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, ko jini ya ɓalle mata, ko zazzaɓi ya rufe ta, asibiti za a kai ta a ranar. Haka jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, ko yake jijjiga, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Kada a tsaya jiran wanzami ya cire beli, domin ciwon da ke biyo bayan cirewar kansa yana hana tsotso. A tafi asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Murtala, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na Malam Aminu Kano, kuma a ci gaba da ba shi nono a hanya in yana iya karɓa.

Allah ne mafi sani.